Ranar da Mai Inji Ta Tare Ƙofar Asibiti

A ƙauyen ba mai kiranta da sunanta na gaskiya. Yara Inna suke ce mata, manya kuma Mai Inji, saboda injin niƙan da mijinta ya rasu ya bar mata a wata rumfar kwano bayan kasuwa. Da ya rasu, 'yan'uwansa suka ce a sayar da injin, wai mace ba za ta iya da shi ba. Wata safiya ta ci ɗamara, ta kama hannun injin ta yi ta murɗawa har ya yi tari ya tashi, shi ke nan maganar sayarwa ta mutu. A shekarar farko bel ya guntule mata kan yatsa ɗaya. Kafin shekara goma ƙarar injin ta cinye mata rabin jin kunnen hagu, shi ya sa ko sannu za ta yi wa mutum sai an jiyo ta daga bakin rijiya.

Da injin nan ta reni 'ya'ya huɗu. Kuma tun da babu gidan da ba ya niƙa, babu matar da ba ta zama a bencinta aƙalla sau biyu a mako. A nan ake jin wadda ta haihu, da wadda ta yi yaji, da wanda ya sayar da gonarsa a ɓoye. Abin da Mai Inji ta faɗa a rumfar nan da hantsi, kafin azahar ya zaga gari.

Abin da ta fi tsana a duniya kuwa shi ne allurar rigakafi. 'Yarta ta fari tana da wata tara aka yi mata allura a cinya, kwana huɗu bayan nan jikinta ya yi zafi, ta sanƙare, ta cika a hannunta. Masu allurar sun riga sun tafi, ba wanda ya dawo ya ce mata ga abin da ya faru. Shekara talatin ke nan, amma in ta ga farin akwatin da suke ratayowa sai ranar ta dawo mata sabuwa. Duk ranar da ta hango babur ɗinsu ya sauko daga kan gada, sai ta kashe injin ko da tana tsakiyar niƙa. Mata sun san ma'anar wannan shirun. Kafin masu allura su kai ƙofar farko, an kwashe yara an kai bayan gida, wasu an tura su gona. Haka za su yi ta sallama suna jin "ba yara a gidan nan," alhali ga 'yan takalma birjik a tsakar gida.

Sai aka turo sabuwar ma'aikaciya ɗakin shan maganin da ke ƙarshen gari, wata siririyar mace mai tabarau, da ɗanta na goye. Malama aka riƙa ce mata. Ranar da ta fara zuwa rumfar, ba akwati ta zo da shi ba, robar hatsi ce a kanta. Ta gaida kowa, ta ajiye robar a ƙarshen layi, ta zauna. Mai Inji ta gane ta sarai. Ta niƙa wa duk wadda ta zo bayanta, ta bar robar Malama har rana ta take. Da aka niƙa wa Malama ta yi godiya ta tafi. Mako na gaba ta sake dawowa, na gaba ma haka.

A zuwa na biyar layi ya watse, suka rage su biyu. Mai Inji tana kakkaɓe gari daga bakin injin ta ce, ba tare da ta juyo ba, "Ke 'yar nan, in allura ce ta kawo ki, kin ɓata wa kanki lokaci."

"Inna, an gaya mini kin rasa 'ya," in ji Malama. "Ba wanda ya gaya mini yadda aka yi. Shi nake so in ji daga bakinki."

Mai Inji ta juyo da niyyar ta wanke ta tas. Amma cikin shekara talatin ba wani mai farar riga da ya taɓa yi mata wannan tambaya, sai ta ji bakinta ya fara magana da kansa. Ta faɗi ranar, ta faɗi kumburin cinyar, da zafin jikin, da yadda idon yarinyar ya kafe. Malama ta saurara har ƙarshe.

"Ba zan yi miki ƙarya ba, Inna," ta ce. "Ban san abin da ya kashe ta ba, ba na wurin. Abin da kika kwatanta ya yi kama da zazzaɓin cizon sauro in ya taɓa ƙwaƙwalwa, amma ba zan rantse ba. Abu ɗaya na sani, ya kamata a ce sun dawo sun zauna da ke. Wannan laifinmu ne."

Ta ce mata ta zo ta ga inda ake ajiye allurar da idonta. Mai Inji ta je, amma da niyyar kama su da wani abu ta je. Ta sa aka buɗe mata firjin da ke aiki da sola, ta tura hannu ta ji sanyin. Ta ɗaga 'yan kwalaben sama tana kallo, ta sa aka karanta mata ranar da za su lalace, ta tambayi dalilin da ya sa ake jefar da sirinji bayan mutum ɗaya. Ta dawo gida ba ta gamsu ba, amma ba ta samu abin da ta je nema ba.

Ana cikin haka ƙyanda ta ɓulla a ƙauyen da ke tsallaken rafi. Cikin kwana goma aka binne yara uku. Matan can suna kawo niƙa rumfarta da goyo a baya, kuma a gidanta akwai jikarta mai shekara ɗaya da rabi, 'yar babban ɗanta direba, wadda aka sa wa sunanta, take kiranta Takwara. Ko ɗigon rigakafi yarinyar ba ta taɓa samu ba, kuma Mai Inji ce da kanta ta hana. Ranar da ta ga wani yaro a bayan uwarsa idanunsa sun yi jawur suna zubar da ruwa, nan take ta gane ƙyanda ce. Ta niƙa wa matar da sauri ta sallame ta, ta rufe rumfa, ta nufi wurin Malama.

"Ki tara mutane," ta ce. "Ba wa'azi za ki yi mana ba. Mu za mu tambaya, ke ki amsa."

Aka yi taron a ajin makarantar firamare ranar da ba karatu. Maza suka cika kujerun yara gwiwoyinsu a sama, mata suka tsaya ta baya da bakin tagogi. Mai unguwa bai gama buɗe taro ba, mai shagon cajin waya ya miƙe ya kunna wani saƙon murya, wani mutum da ba wanda ya sani yana rantsuwa cewa allurar tana hana haihuwa. Ajin ya kaure da hayaniya. Wani kafinta ya buga tebur ya ce shi duk wanda ya taɓa masa ɗa sai dai a ɗauki gawa biyu.

Malama ta jira aka lafa. Ta ce ita ma an yi mata tana ƙarama, ga ɗanta a baya, ga yayarta mai 'ya'ya shida. Wani ya ce ai ana iya ba su mai kyau a ba talaka gurɓatacciya. Nan Mai Inji ta miƙe, kowa ya yi tsit yana jiran ta gama da Malama.

"Allurar nan tana sa zazzaɓi ko ba ta sawa?" ta tambaya da muryar nan tata.

"Tana sawa ga wasu yaran. Ta ƙyanda takan kai mako guda ko fiye kafin zazzaɓin ya zo."

"Yaro na iya jijjiga?"

Mai Inji ta kafe ta da ido.

"Yana iya yi, in zafin ya hau da yawa. Ba kasafai ba, kuma takan wuce ba ta bar masa komai ba. Ƙyanda kuwa tana kisa, tana makantarwa."

Aka yi ta gunaguni. Mai Inji ta ɗaga hannunta mai guntun yatsa ta faɗi sharuɗɗanta. Ba a cikin ɗaki za a yi ba, a rumfarta za a yi da rana tsaka. A gaban kowa za a buɗe kwalba, kuma daga kwalbar da za a yi wa yaran gari za a fara yi wa ɗan Malama, tun da ya isa. Sannan Malama ba za ta bar garin ba har mako biyu, ko da wa ya kira ta. Malama ta ce ta yarda da duka.

Matsalar tana cikin gida. Direba yana kan hanya da kaya, sai bayan kwana goma zai dawo. Da ta kira shi ta wayar surukarta, sai ya ce, "Inna, ke ce fa kika ce mana kada mu kuskura. Yanzu kuma me ya canja? Don Allah ki jira in dawo." Ta ce ƙyanda ba za ta jira shi ba. Layin ya katse kafin su ƙare. Ta dubi surukarta, wadda shekara uku ke nan ba ta taɓa ɗaga ido ta kalle ta ba.

"Ke ce uwarta. Me kika ce?"

Surukar ta sunkuyar da kai. "Inna, ni tun tuni nake so. Tsoronki nake ji."

Maganar ta daki Mai Inji, amma ba ta nuna ba.

Ranar allura aka share rumfar aka kafa tebur kusa da injin. Gari ya taru, amma kowa ya tsaya nesa. Malama ta buɗe kwalba, ta yi wa ɗanta, ya tsala ihu ya yi shiru. Ta ɗaga kai ta ce wa ke biye. Ba wanda ya motsa. Mai Inji ta karɓi Takwara daga hannun uwarta, ta zauna a benci, ta riƙe ɗan hannun. Ta kau da kai lokacin da allurar ta shiga. Bayanta matar tela ta fito, sai matar mai unguwa, sai wasu. Kafin la'asar an yi wa yara arba'in da ɗaya. Kafinta da wasu gidaje goma sha biyu ba su kawo ba.

Kwana bakwai suka wuce lafiya. A rana ta takwas da hantsi jikin Takwara ya ɗumama. Aka ba ta maganin da Malama ta bari. Wajen azahar Mai Inji tana tsakiyar niƙa sai ta ga matan benci sun miƙe gaba ɗaya. Ba ta ji ihun ba saboda ƙarar inji, sai ganin surukarta ta yi a guje ba mayafi, yarinyar a hannunta ta sanƙare, idanu sun juye sama, ƙafafu suna fizga.

Ba ta ma tsaya kashe injin ba. Ta fizge yarinyar ta ruga, ita da ta yi shekaru ba ta yi gudu ba. Hanyar ɗakin shan maganin ta ratsa kasuwa, don haka kafin ta isa rabin gari na biye da ita. Malama tana nan kamar yadda ta yi alkawari. Ta karɓi yarinyar ta kwantar da ita a gefe ɗaya, ta cire mata riga, ta hana uwar tura mata cokali a baki, tana duba agogon hannunta. Ta ce wa surukar ta jiƙa tsumma. Ta ce wa Mai Inji, "Inna, ina buƙatar iska da wuri. Kada su shigo."

Mai Inji ta fita ta ja ƙofar, ta tsaya a gabanta.

Mutane sun cika farfajiyar har kan katanga. Matan da aka yi wa 'ya'yansu allura suna kuka suna taɓa goshin yaran. Mai cajin waya yana ɗaga wayarsa yana cewa ai ya faɗa. Wani ya jefa dutse ya sauka a kan kwanon rufi, ƙarar ta sa kowa ya zabura. Kafinta ya matso har bakin matakala.

"Mai Inji, matsa. Ki bari mu fito da ita ta yi mana bayani."

"Tana aiki."

"Aikin da ta yi bai isa ba? Jikarki ce fa a ciki!"

"Na fi ka sanin jikata ce. Ba mai shiga."

Ta ware hannuwa ta dafa ginshiƙan ƙofar biyu. Ta baya, ta cikin katakon, tana ƙoƙarin jin ko da ƙaramin motsi, amma kunnenta ya ƙi ba ta komai. Zuciyarta tana ce mata ta sake yi, da hannunta ta miƙa ta, wannan karon ma ba wanda ya tilasta mata.

Sai taron ya dare gida biyu. Direba ne, ya dawo kwana biyu kafin lokacinsa, a tasha aka tare shi da labari. Ƙarfen kwance taya yana hannunsa, ga alama ma bai san yana riƙe da shi ba. Ya hau matakala har numfashinsa yana taɓa fuskarta.

"Inna, na ce ki jira ni."

"Ka faɗa."

"Ki ba ni hanya."

"Ajiye ƙarfen nan tukuna."

Ya dubi hannunsa. Bai ajiye ba. Idanunsa sun kaɗa. Tun yana yaro bai taɓa yi mata musu ba, yau ga shi ƙirji da ƙirji da ita a gaban duk gari.

"In wani za ka daka, ni ce," ta ce, kuma a karon farko a rayuwarta muryarta ba ta wuce matakala ba. "Ni na ɗauke ta, ni na riƙe hannunta. Matar nan ta gaya mana haka na iya faruwa, a gaban kowa ta faɗa, na ji, na yarda. Ka bar ta ta yi aikinta."

Suka tsaya a haka. Ba wanda ya san minti nawa ne. Can sai aka murɗa ƙofar daga ciki. Malama ta fito gumi ya jiƙa mata riga, ta tsaya kusa da Mai Inji.

"Jijjigar ta tsaya, minti uku ta yi. Tana numfashi lafiya, zafin yana sauka."

"Allurarki ce ta jawo?" kafinta ya tambaya.

Mai Inji ta ji a ranta tana roƙon matar ta ce sauro ne, ta ce haƙori ne, ta ce ko mene ne. Ba wanda zai iya ƙaryata ta.

"Na yi mata gwajin zazzaɓin sauro, babu," in ji Malama. "Don haka mai yiwuwa ne zazzaɓin allurar ne, wanda na gaya muku a makaranta. Ba zan ɓoye ba. Zan rubuta in aika wa na sama da ni, kuma zan raka ta babban asibiti a duba ta. Duk wadda jikin ɗanta ya yi zafi ta kawo shi yanzu."

Hayaniya ta sake tashi, wani dutsen ya faɗo kusa da ƙafarta. Ba ta ja da baya ba. A daidai nan kukan yaro ya fito daga cikin ɗakin, siriri mai gajiya, sannan ya ƙara ƙarfi. Ƙarfen ya suɓuce daga hannun Direba ya gangara matakala. Mai Inji ta sauke hannu ɗaya, ya wuce ciki. Ta zauna a bakin ƙofar, ba ta tashi ba sai da farfajiyar ta watse.

A motarsa aka kai Takwara babban asibiti. Kwana ɗaya ta yi aka sallamo su, likita ya ce ba abin da ya taɓu. Cikin yara arba'in da ɗaya, shida sun yi zazzaɓi, ita kaɗai ta yi jijjiga.

Amma abin bai wuce a banza ba. Direba yana gaida uwarsa safe da yamma, daga nan ba ya ƙara ko kalma. Gidaje da yawa suka ɗauke niƙansu suka kai wani injin mai nisan tafiyar awa guda. Benci ya zama wayam, wasu ranakun ko tayar da injin ba ta yi.

Bayan mako uku ƙyanda ta tsallako rafi. Ta kwantar da yara goma sha tara, kusan duka daga gidajen da ba a yi allura ba. Biyu suka rasu, ɗaya ɗan autan kafinta ne. Mai Inji ta je gaisuwa ta zauna kusa da uwar yaron tun safe har la'asar. Wata ta fara cewa da an sani, Mai Inji ta daka mata tsawar da ta sa ta haɗiye sauran. A ranta ta san shekara nawa ta yi tana koya wa matan nan tsoron da ya kai su ga haka.

Daga wannan shekara aka kafa kwamiti na mutum bakwai, ita da matar tela da mai unguwa da limami da wasu, su ne suke sa ranar allura, su ne suke zagayawa gidaje bayan an yi. In ta shiga gida ba ta cewa allura ba ta da matsala. Labarin Takwara take fara bayarwa, da jijjigar da komai, sannan ta ce a yi mata tambaya. Mai cajin waya har yau bai yarda ba, kuma akwai gidaje biyar da suke karɓar gaisuwarta daga bayan ƙofa.

Direba kuwa sai da ya yi wata huɗu kafin ya huce. Matarsa ta sake haihuwa, namiji. Wata safiya Mai Inji tana durƙushe tana ɗaure bel, ya zo ya tsaya a kanta, ya karɓi sifana ya ƙarasa mata ɗaurin. Ya goge hannunsa a wando, yana kallon injin ba ita ba.

"Inna, ta jarirai wace rana ce ake yi?"

"Me ka ce?" ta juyo masa da kunnen dama.

Ya san ta ji. Ya maimaita da ƙarfi, har matan benci suka juyo.

"Laraba," ta ce. "Ka zo da kanka, ka riƙe shi."